Fitilar da Ba Ta Haska Kowa

Shekara talatin ina gyaran rediyo a Panteka.
Na san warin dalma idan ta narke,
na san fitila: ko ta kama, ko ta ƙone.
Sai ga Barira ta dawo daga Poli
da wani abu kamar ƙwayar gero a tafin hannu,
ta ce, "Baba, wannan ma fitila ce."

Na haɗa waya. Na jira.
Ba ja, ba kore, ba ko ƙyalli.
Na ce, "An cuce ki, 'yar nan, gawa aka sayar miki,"
na sunkuya zan leƙa.
Ta kau da fuskata da hannu biyu,
ita da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba:
"Kada ka kalla! Tana ci.
Haskenta na can bayan shuɗi, bayan shunayya,
inda ido ya gaji ya juyo."

Da hantsi Tanimu ya turo kurarsa,
jarka goma daga rijiyar bayan layin dogo.
Ruwa garau, har kana ƙirga tsatsar gindin bokiti.
Haka yake garau a waccan daminar
da kogin Kaduna ya hau ya gaisa da masai,
Sagir ya dawo daga ƙwallo ya kafa kai ya sha.
Kwana uku.
Ban ga abin da ya shiga cikinsa ba.
Har yau ban gani ba.

Barira ta ce kowace ƙwayar cuta
tana ɗauke da rubutu a cikinta,
da shi take karanta yadda za ta haifi kanta.
Hasken nan shiga yake ya dagula baƙaƙen,
kamar rasit da aka manta a aljihu ranar wanki.
"Amma sai an tace tukuna," in ji ta,
"laka garkuwa ce.
Cuta na laɓewa bayan ɗigon laka
kamar mai cin bashi a Kasuwar Barci."

To, aikin hannu nawa ne.
Bututun ƙarfe kamu ɗaya, na goge cikinsa har ya ɗau ido,
batirin babur, faifan sola mai tsagaggen kunne,
famfo a ƙasa mai rowa,
don ruwan da ya yi sauri bai sha haske ba.
Sau biyu ya yi yoyo. Sau ɗaya na ƙona ƙwayar,
kuɗin cefanen mako guda,
Barira ta yi kwana biyu tana gaishe ni a taƙaice.

Asabe ta tsaya da moɗa a hannu, ta ƙi tarawa.
"Ruwan da bai ji wuta ba,
bai yi warin magani ba,
me ya ji?"
Takardar gwajin makaranta ba ta gamsar da ita ba.
Sai na ɓalle koriyar fitila daga wata tsohuwar rediyo
na dasa a saman bututun.
Ba ta kashe komai. Ta mutane ce.
Asabe ta dube ta, ta yi bisimilla, ta tara.

Yanzu yaran layinmu suna zuwa da gorar lemo,
suna cewa koren ne mai aikin.
Na bar su.

Da dare idan an ɗauke wuta,
Tudun Wada ta koma janareto da sauro,
nakan zauna kusa da bututun ina sauraro:
ruwa na wucewa a hankali ta cikin duhunsa,
abin da ba na gani yana gamawa da abin da ban gani ba.
Akwai wani kofin roba shuɗi, mai cizon haƙori a baki,
da Asabe ta hana a yar.
Shi nake cikawa.
Ni nake shanyewa.